Masu Rawanin Tsiya a Birnin Tarayya

Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111, ya zauna ya ƙirga abubuwan da ke sa ɗan Adam hura hanci, ya samu guda bakwai: ilimi, ibada, asali, kyau, dukiya, ƙarfi da yawan mabiya. Ya jera su a cikin Ihya'u Ulumiddin, a babin da ya ware wa girman kai da ji-ji da kai. Malamin ya yi ƙoƙari ƙwarai, sai dai bai taɓa tsayawa a shataletalen AYA da safiyar Litinin ba, bai kuma taɓa cika fom ɗin ganin darakta ba. Da ya yi, da ya ƙara babi.

Abuja gari ne da ya karɓi wannan sana'a. A Kano ko Katsina ko Zariya, in mutum ya fara ɗaga kafaɗa, akwai tsohuwar da za ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Wai wannan ba ɗan wance ba ne, wanda muke aika sayen ƙuli-ƙuli?" Nan take iska ta sace. A Abuja babu wannan tsohuwa, an baro ta a gida. Tun daga dokar da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yi ta kafa sabon babban birni a watan Fabrairun 1976, har Janar Ibrahim Babangida ya tare ranar 12 ga Disambar 1991, kusan kowa da jakarsa ya zo, in ka cire Gbagyi da sauran waɗanda aka tarar. Inda babu wanda ya san ka kana yawo ba wando, kana iya zama duk wanda ka ga dama.

Ga kaɗan daga waɗanda ake gamuwa da su, an jera su daga mai ɗan zazzaɓi zuwa wanda ciwo ya ci ƙarfinsa. Masu jiniya su ne a matakin ƙasa, da su aka fara, ko da yake ba za su so haka ba.

Yallaɓai Mai Jiniya

Kafin ka gan shi ka ji shi. Mota uku gaba, uku baya, gilashi baƙi wuluk, ɗan sanda ya fito da rabin jiki ta taga yana korar jama'a gefen titi. Ina Yallaɓai za shi da wannan gaggawa? Ɗaurin aure. An sa ƙarfe sha ɗaya, shi kuwa ya fito ƙarfe ɗaya da gangan, don babban mutum ba ya riga jama'a isa wuri. Ba ya buɗe ƙofar mota, ba ya riƙe waya, ba ya riƙe laima. Kowanne da ma'aikacinsa. In ka miƙa masa hannu biyu, yatsu biyu zai ba ka, idonsa na kan wanda ke bayanka, ko ya fi ka amfani. In aka tsayar da shi a bakin wata ƙofa, tambayarsa ɗaya ce: "Ka san da wa kake magana?" Tambaya mai kyau ƙwarai, da a ce kansa yake yi wa ita kafin ya kwanta.

Mutumin da ya ba da umarnin gina garin nan ba ya yawo da ayari. A cikin cunkoson Legas aka harbe Murtala ranar 13 ga Fabrairun 1976, kwana goma bayan ya sanar da batun sabon birnin, ba wata rakiyar a-zo-a-gani a tare da shi. Masu jiniya kan ce, "To ka gani? Ai shi ya sa." Amma tsaro daban, korar mai naƙuda daga hanyar asibiti daban. Suratul Isra'i ta tuna wa mai tafiyar taƙama cewa ƙasa ba ta huduwa da takunsa, duwatsu kuma sun fi shi tsawo. A Abuja an sauƙaƙa wa mai shakka gwaji: ga dutsen Aso a bayansa, ga Zuma a hanyar Kaduna.

Duk da haka kada a damu da shi sosai, ciwonsa yana da likita. Ma'aikacin gwamnati, shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, ya ajiye biro. Ɗan siyasa kuwa sanarwa ɗaya a labaran ƙarfe tara ta ishe shi. Bayan wata uku sai ka gan shi a layin jirgin ƙasa a tashar Idu, riƙe da jakarsa, shi ke fara gaishe ka, har yana tambayar lafiyar yara. Duniya rawar 'yan mata.

Mai Tsaron Ƙofa

Shi ba shi da jiniya, amma yana zaune kusa da mai ita, ɗumin ya same shi. Tebur ɗaya, littafin baƙi ɗaya, magana ɗaya: "Oga yana mitin." Da asuba ya taso daga Mararraba, su biyu a kujerar gaba, ya sha cunkoson Nyanya tare da kowa, amma yana zama a kujerar ofis sai wuyansa ya ƙage, ya kasa ɗagowa ya amsa sallama. Dattijo sa'an ubansa ya zo daga nesa kan batun fansho, ya ce, "Ɗana, don Allah a taimaka, ƙafata ta gaji da hawa benen nan." Amsa: "Baba, ka dawo Litinin." Litinin ɗin kuma hutu ce, ya sani sarai. "Mun" ce a bakinsa kullum: mun amince, mun sa hannu, mun gana da minista. Aikinsa a ganawar shi ne kai ruwa. Ranar da aka cire Oga, shi ma aka karɓe littafin baƙi da makullin banɗaki.

Alhaji Dakta Injiniya Cif

Sunansa na yanka kalma biyu ne, amma katinsa sai an juya baya kafin a gama karantawa. Gaba akwai Alhaji, Dakta, Injiniya, Cif, Ambasada. Baya akwai OON ko MFR da wasu haruffan da shi kansa sai ya yi tunani kafin ya tuna inda ya samo su. Sarauta uku gare shi: ɗaya a garinsu, ɗaya a garin matarsa, ɗaya a wani gari da bai taɓa kwana ba. Digirin daktan kuwa a ɗakin taron otal aka ba shi, ran Asabar, bayan ya ɗan taimaka. A wurin ƙaddamar da littafi, in mai gabatarwa ya tsallake laƙabi ɗaya, sai ka ga an miƙa masa 'yar takarda, ya nemi afuwa ya sake daga farko. Shi ya sa gaida manyan baƙi ke cin minti arba'in, littafin ya ci biyar. Mai sanarwar jana'iza kaɗai ke maganinsa, shi ma sai ranar ƙarshe, in ya ɗaga murya ya gaya wa sahu duk abin da suke buƙatar sani: namiji ne.

Ɗan Gidan Wane

"Ba ka san gidanmu ba?" Kakansa waliyyi ne, kakan kakansa ya riƙe tuta, shi kuma ya riƙe rimot. In aka zo neman auren ƙanwarsa, ba ya tambayar hali ko salla, salsala yake bi: su wane ai maƙera ne, su wane mahauta, su wane kakarsu baiwa ce. Filin da ya gina gida a kai a Asokoro ko Maitama ƙasar Gbagyi ce jiya-jiya, amma in zai zagi direbansa sai ya ce masa bagwari.

Wannan sana'a tana da wanda ya buɗe ta. Iblis bai musa akwai Allah ba. Binciken asali ne ya kai shi ƙasa: shi daga wuta, Adamu daga yumɓu, don haka ba sujada.

Da Ɗan Gidan Wane zai ciro naira ashirin ya duba, in yana taɓa irinta, zai ga Murtala a gaba, a baya kuma Ladi Kwali tana ginin tukunya, 'yar Gbagyi daga garin Kwali da ke cikin wannan yanki na Birnin Tarayya. Ta shiga cibiyar ginin tukwane ta tsohuwar Abuja a 1954, ta nuna aikinta a Ingila da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Da yumɓun da Iblis ya raina ta kai nan. Sunan Abuja ma aro ne: Abu Ja, ɗan sarautar Haɓe ta Zazzau, wanda gidansu ya rasa gadon mulki a zamanin jihadi, shi ya kafa Abuja ta asali a 1828, wadda yau ake kira Suleja. Gidan sarauta ma yakan wayi gari a kan hanya da kaya a ka.

Daga nan lissafi ya sauya. Waɗannan huɗun duniya ce ta hura su, ita kuma ta iya sace abin da ta hura. Suna da maƙiya, suna da 'yan jarida, suna da ranar sauka. Waɗanda ke tafe kuwa da aikin lada suke kiwon girman kansu. Ba mai tsige mutum daga sallar dare, ba ritaya daga azumin Litinin da Alhamis. Duk ibadar da suka ƙara, ciwon ya samu ƙarin abinci, jama'a kuma na gefe suna cewa masha Allah.

Alhaji Sahun Gaba

Ran Juma'a direbansa ne ke fara zuwa masallaci. Tun ƙarfe sha ɗaya ya shimfiɗa darduma mai laushi daidai bayan liman, ya ɗora carbi a kai alamar akwai mai wuri, sannan ya koma waje ya jira tasa sallar a rana. Alhaji sai an hau mumbari yake isowa, yana tsallake wuyan waɗanda suka zo tun hantsi, babbar riga na shafar fuskoki. An ruwaito cewa Annabi (SAW) ya hango mai irin wannan tsallake yana cikin huɗuba, ya umarce shi ya zauna saboda ya cutar da mutane. Alhaji ya san hadisin, yana ganin da wasu ake.

In liman ya ce a daidaita sahu, sai ya saci kallon maƙwabcinsa. In babban sakatare ne, kafaɗa har da ƙafa. In mai wankin takalmi ne da ya kutso, sai a bar wa Shaiɗan ɗan wuri a tsakani. Ko jana'iza aka yi a Masallacin Ƙasa za a wuce maƙabartar Gudu, ya san gefen makara da kyamara take.

Littattafan tarihi sun kawo labarin Jabala ɗan Aihamu, sarkin Gassan, wanda ya musulunta a zamanin Sayyidina Umar. Yana ɗawafi wani talaka ya taka masa mayafi, ya kwaɗa masa mari. Umar ya ce ko ya roƙi mutumin ya yafe, ko a rama. Jabala ya yi mamakin yadda za a haɗa sarki da talaka, aka gaya masa Musulunci ya riga ya haɗa su. Cikin dare ya sulale ya tafi ƙasar Rumawa, ya bar addinin. Ya iya sauya addini sau biyu, bai iya tsayawa sahu ɗaya da wanda ya taka masa riga ba.

Hajiya Sai-mun-dawo

Goman ƙarshe na Ramadan ba a samun ta a Najeriya, kuma ba ta yarda a rasa sanin hakan ba. Tun daga filin jirgin Nnamdi Azikiwe ake fara rahoto: hoton tikiti, hoton kujerar gaba a jirgi, hoton tagar otal da Ka'aba a ƙasa. Sannan babban hoto: hannu a sama, ido a rufe, hawaye na zuba. Mai ɗauka ya yi ƙoƙari, sau huɗu aka sake kafin hawayen su fito daidai. A ƙasa an rubuta, "Mun sa ku a addu'a."

Tana da lissafi, wannan umrar ta goma sha bakwai ce. In wata ta ce bana ta je ta farko, sai Hajiya ta yi murmushi: "Allah sarki, ai za ki saba. Wane otal kuka sauka? Ayya, can da nisa." Annabin da ake zuwa ziyarta umra huɗu ya yi, hajji ɗaya bayan hijira. Kakanninmu kuwa da ƙafa suke tafiya, ta Barno da Chadi da Sudan, suna noma a hanya don guzuri, wani ya yi shekaru bai dawo ba, wani ya zauna can, zuriyarsu na nan a Sudan har gobe. Waɗanda suka dawo ba su da hoto ko ɗaya.

A gida kuma 'yar aikinta na bin ta albashin wata uku. "Hajiya, don Allah kuɗin nan, mamata ba lafiya." "Ke ba ki ga shirin tafiya nake ba? Sai mun dawo." Da ta dawo ta ba ta dabino bakwai da ɗan zamzam a murfin kwalba, ta ce a shafa wa maman. Akwai Alhaji irinta, har ya fi ta, don shi haƙƙin leburori arba'in ya bari a baya.

Mai Sadakar Kyamara

Yana da gidauniya mai sunansa, da hula mai sunansa, da buhun shinkafa mai hotonsa. Ranar rabo yakan nufi sansanin 'yan gudun hijira na Durumi ko Kuchingoro, inda mutanen da rikicin Boko Haram ya koro daga Gwoza da kewaye suke zaune shekara da shekaru. Motar masu kyamara ke gaba, motar kaya na baya. Tun safe ake jera zawarawa da marayu a rana, a koya musu abin da za su faɗa. Tsohuwa ta karɓi buhu ta juya za ta tafi, sai a ce, "Mama, dawo, hoton bai fita ba. Ki ɗan yi murmushi. A'a, ba da yawa ba, ki nuna kina cikin wahala." Kuɗin da aka biya gidan talabijin ya fi na shinkafar. Mai gadin gidansa da ƙanwar uwarsa a ƙauye ba sa cikin tsarin, don su ba a ɗaukar su hoto. Inuwar giginya, na nesa ka sha.

Muslim ya ruwaito hadisin mutum uku da za a fara yi wa hukunci ranar Alƙiyama: wanda ya mutu a fagen fama, da malami, da mai kyauta. Kowannensu don a faɗa ya yi, an kuma faɗa, lada ya ƙare a nan. A Madina, Aliyu Zainul Abidina, jikan Sayyidina Ali, yakan saɓi buhun abinci cikin dare ya ajiye a ƙofar mabuƙata. Ba su san mai kawowa ba sai da ya rasu abinci ya yanke, masu wanka kuma suka ga kanta a gadon bayansa.

Malam Na-riga-ka-sani

Ba a taɓa yi masa tambayar da ba shi da amsarta ba. Rabon gado, kuɗin intanet, tiyatar zuciya, farashin man fetur, yaƙin Gabas ta Tsakiya: kafin mai tambaya ya rufe baki fatawa ta fito. Karatunsa na gaske ne, ba a raina shi. Sai dai tun ranar da ɗalibai suka fara ɗaukar masa takalmi bai sake cewa a duba littafi ba. In yaro ya gyara masa wasali a tsakiyar karatu, ranar darasi ya koma kan rashin tarbiyyar 'yan zamani. In wani malami ya saɓa masa, sai a kafa kyamara: raddi na ɗaya, raddi na biyu, raddin raddi, har a manta mas'alar da aka faro. Da daddare ya leƙa Facebook da TikTok ya ga mutum nawa suka kalla. In na abokin hamayya sun fi, barci ya ƙaura.

Imamu Malik, wanda yawancin mutanen ƙasar Hausa ke bin mazhabarsa, an san shi da yawan cewa bai sani ba. Mutum ya taso daga nesa da tambayoyi, ya koma da mafi yawansu ba amsa, Malik bai ji kunya ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba da labari a Infaƙul Maisuri cewa mahaifinsa, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, in zai fita wa'azi yakan ɗan tsaya a cikin gida tukuna. Da ya tambaye shi dalili, sai ya ce niyya yake sabuntawa. Mutumin da jama'a ke tururuwa daga Gobir da Zamfara da Kabi don su ji shi, tsoron zuciyarsa yake yi tsakanin ɗaki da zaure. Malam Na-riga-ka-sani shi ma yakan tsaya kafin ya fita: rawani yake gyarawa a madubi.

Mai Rabon Aljanna

Wannan ba ya neman kuɗin kowa, ba ya son hoto, sallarsa ba wasa. Shi ya sa ya fi na baya haɗari. Yana shiga masallaci da ma'auni a ido: tsawon wando, tsawon gemu, ƙabalu ko sadalu, carbi ko yatsu. Kafin a tayar da iƙama ya gama raba sahu gida biyu, 'yan aljanna da sauran jama'a, kuma kullum kashin farko bai cika mutum biyar ba, shi ne na ɗaya. Kada wani ya ce na ƙungiya kaza ne. Akwai shi a Izala, akwai shi a Tijjaniyya da Ƙadiriyya, akwai shi a cikin 'yan boko masu ganin duk mai rawani jahili ne. Ka taka daga Masallacin Ƙasa zuwa Cibiyar Kirista ta Ƙasa, ba nisa, za ka tarar da ɗan'uwansa riƙe da Littafi Mai Tsarki. Su ma suna da labarinsa a Linjilar Luka: Bafarisiyen da ya tsaya a haikali yana gode wa Allah da bai yi shi irin mai karɓar harajin da ke gefe ba, aka karɓi roƙon mai harajin, aka bar shi da godiyarsa.

In ya tashi tahajjud, rabin daɗin sallar shi ne jin minsharin maƙwabta. In ya ga mashayi a gindin gada, ba ya cewa Allah ya shirye shi, yawu yake tofarwa. Tsohon abokinsa da ya tuba, har yau bai sa hannu a kan tuban ba. Muslim ya kawo labarin mutumin da ya rantse cewa Allah ba zai gafarta wa wane ba. Aka gafarta wa wanen, aka rushe aikin mai rantsuwa. Mashayi ya san yana da ciwo, wata rana yana iya neman magani. Mai Rabon Aljanna yana ganin shi ne asibitin.

Bawan Allah Ba-kowa-ba

Ga gwanin gwanaye. Ya ji duk abin da aka faɗa a kan waɗancan, ya yarda, har ya tura wa mutane. Shi 'yar shara fara yake sawa da silifa, sai dai yadin daga Dubai aka kawo, telan kuma ya san irin sauƙin da ake so. Yana zama a ƙasa a wurin taro, daidai inda za a gan shi a taso a ce, "Haba, ranka ya daɗe, ga kujera." Ya ƙi sau biyu, ya karɓa a na uku. In ba a taso ba kuwa, masu taro za su ji a jikinsu.

"Ni wa? Ni ai ba kowa ba ne. Masallatai goma sha biyun nan da na gina ma ba na son a faɗa." Yana azumin nafila a ɓoye, ɓoyon da duk ofis ya sani, don tun safe yake tambaya ko yau kowa na jin ƙishi ko shi kaɗai ne. Yana yawan ambaton sauƙin kan Malam Aminu Kano, wanda ya rasu a 1983 ya bar gidansa na Gwammaja. Yawanci kuma a wani gidan abinci mai sanyi da ke kan titin Aminu Kano a Wuse II yake ambaton, inda kuɗin faranti ɗaya zai riƙe gidan talaka kwanaki.

Gwajinsa ba wuya. In ya ce shi ba kowa ba ne, ka ce, "Gaskiya ne, Alhaji." Sannan ka nemi hanyar fita.

Magani

Shadda ba ta da laifi. A hadisin nan na Muslim da ya hana aljanna ga mai ƙwayar zarra ta girman kai a zuciya, wani ya yi tambaya kan son tufa mai kyau da takalmi mai kyau, aka gaya masa ba wannan ake nufi ba. Ƙin gaskiya da raina mutane su ne abin. Ke nan mai babbar riga ta miliyan yana iya tsira, mai tsumma ya faɗa.

Gazali bai tsaya kan jera cututtuka ba, ya ba da gwaji. In kana muhawara gaskiya ta fito daga bakin abokin hamayya, ka karɓa ka gode masa a gaban mutane. Ka bar sa'o'inka su shige gabanka a majalisa. Ka amsa gayyatar talaka. Ka ɗauko cefanenka daga kasuwa da hannunka. Ka sa tufa mai sauƙi ka fita. Ya kuma bambance abu biyu da ake yawan gaurayawa: in abin yana yi maka nauyi ne kawai idan mutane na kallo, riya ce ke damunka, in ko ba kowa a hanya yana yi maka nauyi, girman kai ne.

Duk ana iya gwada su a Abuja a Asabar ɗaya. Yallaɓai ya shiga kasuwar Wuse ba jiniya, ya ɗauko doyarsa da kansa zuwa mota. Malam ya ce wa ɗalibi, "Kai ne da gaskiya, Allah ya yi maka albarka." Hajiya ta biya wata ukun nan kafin ta biya tikiti. Alhaji ya je sunan ɗan direbansa a Mararraba, ya zauna a tabarma ya ci abin da aka kawo. Sharaɗi ɗaya ne, kuma a nan mafi yawa za su faɗi: a bar mai ɗaukar hoto a gida.